Mai zuwa tsibirin Reyuniyo, ka yi sammako

'Yan uwa na Damagaram, in Allah ya kai ɗayanku Reyuniyo, tsibirin Faransa da ke Tekun Indiya, ku je kallon dutse mai aman wuta, Piton de la Fournaise, tun da asuba.

Da rana ta ɗumama gangaren dutsen, iska mai laima ta taso daga teku ta zama gajimare. Kafin azahar sau da yawa ya rufe ramin bakin dutsen ruf, kuɗin hayar mota sun tafi a banza.

Ku kwana kusa, a ƙauyen Bourg-Murat. Tsayin dutsen mita 2,632 ne, sanyinsa ya fi na hunturunmu, ku riƙe rigar sanyi.

Sammakon ba koyaushe yake amfani ba lokacin guguwa, musamman Janairu zuwa Maris. In kuma dutsen na aman wuta, hukuma kan rufe hanyar shiga, ku tambaya tun daren.