Yadda za ka shiga tsohon kiɗan hard rock da glam metal ba tare da ya kore ka ba

Duk wanda ya san “Beat It” ta Michael Jackson ya riga ya ɗanɗani hard rock, kiɗan Turawa mai jitar lantarki mai ƙara, ko da bai sani ba. Jitar nan da ke tsagowa a tsakiyar waƙar, Eddie Van Halen ne ya kaɗa ta a 1982. Ta cikin “Give In to Me” kuma, a 1991, hannun Slash ne na Guns N' Roses. Saboda haka kunnenka ba baƙo ba ne a nan, hanya ce kawai ba a nuna maka ba.

Sana'ata gyaran amfilifaya da sifika a nan Jos, wajen Dilimi, kuma da waɗannan tsofaffin faya-fayai nake gwada duk kayan da na gama gyarawa, don ba sa rufa wa sifika asiri. Matasa masu kawo gyara sukan tsaya su tambaya ta ina za su fara. Abin da nake gaya musu ke nan, kuma duk ya tsaya a kan abu guda: kunne ya riga ido. Kada ka fara da bidiyo, kada ka fara da hotunan mawaƙan.

Gyara abin sauraro tukuna

Sifikar waya ba ta fitar da jitar bas, ƙafar ganga ma sai dai ka ji ƙas-ƙas. Rabin kiɗan ya tafi ke nan tun ba a fara ba. Nemi hedfon mai rufe kunne, ko na sa'in kuɗi ne, ko sifika biyu ka raba su da taku biyu ko uku ka zauna a tsakiya. 'Yar sifikar Bluetooth mai baki ɗaya tana cakuɗa dama da hagu wuri guda, to ita ma ajiye ta.

Dalilin da ya sa na matsa a kan dama da hagu shi ne yadda aka ɗauki waɗannan faya-fayan. A albam ɗin farko na ƙungiyar Van Halen, na 1978, jitar Eddie kusan gaba ɗaya a hagu take, amsa-kuwwarta ce ke faɗowa dama. Yaron shagona ya taɓa cewa, “Oga, wannan mutumin da kake ta yabo, ni fa ban ji abin da yake yi ba.” Na duba sai na ga iyafis ɗaya ne a kunnensa, na dama, ɗayan yana reto a ƙirjinsa. Na ɗaga na hagun na cusa masa a kunne, na mayar da waƙar farko. Bai ƙara magana ba, sai da na yi masa tsawa kafin ya tuna da ƙarfen soda da ya bari a wuta. A AC/DC kuwa 'yan'uwa biyu ne suka raba kunnuwan: Malcolm Young a hagu, ƙanensa Angus a dama.

In wurin masu tura waƙoƙi a memori za ka karɓa, ka duba nauyin fayil. Waƙar minti huɗu da ba ta kai megabait uku ba an matse ta da yawa, kuma a kugen ganga za ka fara ganewa, don zai riƙa shuu maimakon ya yi ƙara ya mutu a hankali.

Faifai ɗaya a mako

Kada ka tara waƙoƙi ɗari na ƙungiyoyi talatin ka bar waya tana zaɓar maka. An tsara waɗannan albam ne a kan faifan garmaho mai fuska biyu, kowace fuska minti ashirin ko kusa da haka, kuma da gangan aka jera waƙoƙin. Ɗauki ɗaya, ka ji shi daga farko har ƙarshe, ka zauna da shi mako guda.

Fara da Back in Black na AC/DC. Ya fito a Yulin 1980, wata biyar bayan rasuwar mawaƙinsu Bon Scott, shi ya sa bangon baƙi ne wuluk, kuma da ƙarar ƙararrawa yake buɗewa. Na zaɓe shi ne don babu cunkoso a cikinsa: jita biyu, bas, ganga, murya. Abin da za ka nema shi ne rif, wato ɗan gajeren zubin jita da ake ta maimaitawa, wanda waƙar ke zaune a kansa. Wanda ya tashi da jin kuntigin marigayi Ɗan Maraya ba ya buƙatar dogon bayani: tsirkiya ɗaya, zubi ɗaya yana ta dawowa, amma ba ya gundurar ka, saboda inda ake saki da inda ake kamewa. Malcolm Young haka yake yi da tsirkiya shida. Ka lura da shirun da yake bari tsakanin bugu da bugu. Mai ganga, Phil Rudd, ba ya ƙawa ko kaɗan, kuma ba gazawa ba ce, shi ne ke riƙe da kowa.

Ga dabarar da nake bai wa kowa. Ji waƙa ɗaya sau uku a jere. A na farko bi ganga kawai. A na biyu bi jitar kunnen hagu. A na uku ne za ka kula mai waƙa. Yawancin mutane da murya suke farawa, muryar Brian Johnson, wanda ya gaji Bon Scott, kuwa a kaifi take, sai su ce ihu ne su kashe.

Daga nan koma baya zuwa Ingila. Albam na huɗu na Led Zeppelin, 1971, ka je waƙar ƙarshe, “When the Levee Breaks”. An ajiye gangunan John Bonham ne a zauren wani tsohon gida mai suna Headley Grange, aka rataya makirufo biyu a saman bene, don haka abin da kake ji ba ganga kaɗai ba ce, har da ɗakin. Da wannan waƙar nake gwada babbar sifika, in kwalinta ya tsage ko ya saki nan take za ta tona. Asalin waƙar ta Memphis Minnie ce da Kansas Joe McCoy, baƙar fata na Amurka, tun 1929. Jijiyar wannan kiɗa duk daga blues take, kuma Turawan sun ɗiba da yawa, wani lokaci ba tare da ambaton mai shi ba, har Willie Dixon ya kai Led Zeppelin kotu a kan “Whole Lotta Love” aka sasanta. Wasunsu ma har nan suka biyo sawu: Ginger Baker, makaɗin gangar Cream, ya zauna a Legas a farkon shekarun 1970, ya ɗauki faifai da Fela.

Sai Paranoid na Black Sabbath, 1970. Mutanen Birmingham ne, garin masana'antu. Inji ya datse wa mai jitarsu Tony Iommi kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17, ya narka roba ya yi wa yatsun hula ya ci gaba da kiɗa. Daga baya ya sassauta tsirkiyoyin don su rage masa zafi, sautin ya ƙara nauyi da duhu, za ka ji wannan sosai a Master of Reality na 1971. Machine Head na Deep Purple, 1972, ya cika ukun. A can ka kasa kunne ga molon lantarkin Jon Lord, mai madannai, yadda yake kokawa da jitar Ritchie Blackmore har ka rasa wane ne wane.

Bayan waɗannan ne za ka ji Van Halen na 1978. “Eruption”, kiɗan jitar Eddie a wannan albam, ba ta kai minti biyu ba, amma bayanta duk wani yaro mai jita a Los Angeles ya koma buga wuyan jita da yatsun hannu biyu.

Masu gashi da kwalli

Nan ne, a kan glam metal, wato hard rock na masu dogon gashi da kwalliya, mutanenmu suke tsayawa. Ka nuna wa Bahaushe bangon albam ɗin Poison na 1986, maza huɗu da jan-baki da gazal, zai ce 'yan daudu ne ya miƙo maka abinka. Kwalliyar tana da dalili: MTV, tashar talabijin ta bidiyon waƙoƙi, ta buɗe a Agustan 1981, ya zama sai an gan ka kafin a saye ka, ƙungiyoyin titin Sunset Strip na Los Angeles kuma suka shiga gasar wa ya fi ɗaukar ido. Da Metal Health na Quiet Riot ya hau na ɗaya a jadawalin Billboard na faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka a 1983, kamfanoni suka yi ta kwasar duk mai dogon gashi, gwani da ɗan tayi-daɗi. Aikinka shi ne tacewa.

Ma'aunina ba shi da wuya. Tsallake waƙar da aka fi sani, ka je ta shida ko ta bakwai a albam ɗin. In har can akwai rif da za ka iya gunguninsa bayan an kashe, ƙungiyar ta iya. Da wannan ma'auni, Out of the Cellar na Ratt, 1984, ya wuce, saboda jitar Warren DeMartini. Long Cold Winter na Cinderella, 1988, ya wuce da nisa: shigarsu ta fi ta kowa ban dariya a farkon fitowarsu, amma blues ne tsantsa a ƙasan kiɗan. Dr. Feelgood na Mötley Crüe, 1989, ya wuce, ko da yake rabin yabon na furodusa Bob Rock ne. Poison a wurina sun iya amshi, ba su iya kiɗa sosai ba, kuma na san akwai masu jin haushin wannan magana a Rayfield.

Def Leppard na Sheffield sai an zauna. Makaɗin gangarsu Rick Allen ya rasa hannun hagu a hatsarin mota ranar 31 ga Disamba 1984. Ba su sallame shi ba. Aka haɗa masa ganguna na lantarki da matakai a ƙasa, ƙafar hagu ta karɓi aikin da hannun yake yi. A matsayina na mai taɓa waya da soda, wannan ya fi komai burge ni a tarihin kiɗan. Hysteria ya fito a 1987, furodusa Mutt Lange, wanda shi ne dai ya yi Back in Black. Ji su a jere ka ga mutum ɗaya ya yi aiki iri biyu: can ya bar komai tsirara, nan ya jera murya a kan murya har amshin ya koma kamar taron jama'a. Wasu na cewa ya yi sulɓi da yawa. Ni ina son sa da hedfon, ba na son sa a sifikar shago.

Appetite for Destruction na Guns N' Roses, shi ma 1987, ka bar shi ƙarshe. Gari ɗaya suka fito da masu kwallin, amma kiɗansu ya fi ƙazanta da haɗari, kuma bas ɗin Duff McKagan a fili yake. Bayansa kasuwar ba ta daɗe ba. Nevermind na Nirvana ya fito da wani salon kiɗa daban a Satumban 1991, kamfanoni suka juya baya, masu gashi suka koma ƙananan dandali.

Maganar baituka kuma ba zan ɓoye ba: da yawa giya ce da mata da alfahari. Ko a Amurka sai da aka yi zama a majalisar dattawa a 1985 a kan haka, Dee Snider na Twisted Sister ya je ya kare kansa, daga nan aka fara manna wa faya-fayai takardar gargaɗin iyaye. Ni akwai waɗanda ba na sawa in da yara a shago, kuma in an kira salla kashewa nake yi.

Duba shekara, duba sunaye

Waƙa ɗaya takan zo iri biyu ko uku a intanet. “Here I Go Again” ta Whitesnake akwai ta 1982, akwai wadda aka sake ɗauka a 1987, kuma ba ɗaya suke ba. Def Leppard sun sake ɗaukar wasu manyan waƙoƙinsu a 2012 saboda rigima da kamfaninsu, na asalin ba su hau manhajojin sauraro ba sai 2018. Mafi muni shi ne albam biyu na farko na Ozzy Osbourne, mawaƙin Black Sabbath, bayan ya koma waƙa shi kaɗai: a fitowar 2002 an goge bas ɗin Bob Daisley da gangar Lee Kerslake aka sa wasu, sai a 2011 aka mayar. In ka tsinci CD a gwanjon Terminus, juya bayansa ka karanta ƙananan rubutun. Wanda aka rubuta an sabunta sautinsa ma ba kullum ya fi ba. Sau da yawa ƙara kawai aka cusa, sai ka ga allurar mita ta hau sama ta tsaya cak, babu hawa babu sauka.

Haka za ka yi da labaransu. In ka ga an ce ƙungiya kaza za ta yi rangadi, tambayi su wa suka rage a ciki, don wasu suna ne kawai da mutum ɗaya na asali. In an ce rangadin bankwana ne, kada ka yi saurin juyayi. Kiss sun yi bankwana a 2000, ba su sauka ba sai Disamban 2023. Mötley Crüe har takarda suka sa wa hannu a 2014 cewa sun daina, suka dawo dandali a 2022. Na Black Sabbath ne ya tabbata: sun yi wasan ƙarshe a filin Villa Park na Birmingham ranar 5 ga Yuli 2025, Ozzy ya rasu ranar 22 ga watan.

Saura ƙara. Kiɗan yana roƙon a ƙure shi, amma Brian Johnson da kansa ya ajiye rangadi a 2016 saboda likitoci sun ce zai kurumce, sai Axl Rose, mawaƙin Guns N' Roses, ne ya ƙarasa masa wasannin. Da hedfon kada ka wuce kashi shida cikin goma na ƙarar waya, ka cire bayan kowace fuskar faifai ka huta. In na kusa da kai yana jin abin da kake ji, ko ka cire ka ji kunnenka yana ƙugi, rage.