Yadda Za Ka Kula da Jakarka a Lokacin Tafiya

Ni dai ba na barin kowa ya haɗa mini jaka, ko da ɗan'uwana ne. Ka shirya kayanka da hannunka, ka san abin da ke cikin kowane aljihu, sannan ka sa kwaɗo.

Abin da ya fi wuya shi ne ƙin karɓar saƙo. Wani zai zo da fara'a, ya ce don Allah ka miƙa wa ƙaninsa wannan ƙunshi in ka sauka. Kunya za ta kama ka, na sani. Ka ce a buɗe shi a gabanka. In ya ƙi, ka ba shi haƙuri kawai. A 1986 an gano bam a filin jirgin Heathrow da ke Landan cikin jakar wata mai juna biyu, saurayinta ne ya ba ta, ita ba ta san komai ba. Bam ɗin da ya tarwatsa jirgin saman kamfanin Pan Am a sararin garin Lockerbie na Scotland a 1988 kuwa, a cikin rediyo aka ɓoye shi a akwati, mutum 270 suka mutu.

Kada ka bar jakarka ita kaɗai, ko bayan gida za ka, tafi da ita.

In ka ga jaka babu mai ita, kada ka taɓa, balle ka buɗe. Tambayi na kusa, ka yi nesa da ita, sannan ka faɗa wa jami'an tsaro launinta, inda take da lokacin da ka gan ta. Abin da mutum ya aikata za ka kai rahoto, ba kamanninsa ko suturarsa ba.