Sababbin zuwa Jamus, ku lura da kalmar Artist

A Kano ko Yamai, mawaƙi ko ɗan fim zai ce shi "atis" ne, kowa ya gane. Amma ɗan'uwa, da ka sauka a Jamus, ka sani kalmar ta sauya ma'ana. Idan Bajamushe ya ji Artist (mace Artistin, jam'i Artisten), hankalinsa zai tafi ga mai tafiya a kan igiya, mai alkafura, mai cilla ƙwallaye sama yana cafewa, wani lokaci har da mai dabo. Kusan dangin 'yan hoto ne na wajenmu, masu jefa garma sama su tare ta da jiki. Mai zane, marubuci da mawaƙi kuwa duk Künstler ne. In kana so ka fayyace, mawaƙi Sänger, makaɗi Musiker.

Kada ka ɗauka sana'ar Artisten ta raini ce. Gidajen wasansu ana ce musu Varieté: jama'a na zaune a teburi ana ci ana sha, wannan ya yi 'yan mintuna ya sauka, wancan ya hau. Wintergarten na Balin ya fi suna. A can aka haska majigi ga 'yan kallo a 1895, bam ya rushe shi a 1944, aka sake buɗe wani da sunan a 1992. Akwai Tigerpalast a Frankfurt da Hansa-Theater a Hamburg, kuma Balin na da makarantar gwamnati da ke koyar da wannan wasa tun 1956. Ina ba kowa shawara ya je ko sau ɗaya, domin ko ba ka jin Jamusanci za ka more.

Inda abin ya fi damuna shi ne wajen cike takardu. A ofishin baƙi, Ausländerbehörde, in ka rubuta Artist alhali waƙa kake yi, ka jawo wa kanka tambayoyi da ɓata lokaci. Rubuta ainihin sana'arka.

Sannan ka nemi Künstlersozialkasse, asusun inshorar masu fasaha da ke aiki tun 1983 daga garin Wilhelmshaven. Mai zaman kansa da aka karɓa, Künstler ne ko Artist, kusan rabin kuɗin inshorar lafiya da fansho kawai yake biya. Ana so sana'ar ta kawo maka fiye da Yuro 3,900 a shekara, amma ana ɗaga wa sabon shiga ƙafa a shekaru ukun farko.