Yadda Ake Shirya Yawon Keke a Bakin Kanal da Kogin Volta, Nesa da Motocin Accra

Mai keke a Accra ba shi da gata. Daga Nima zuwa Circle, ko daga Madina zuwa Adenta, trotro, wato motar haya, na matse ka har bakin kwata, okada na ɓullo maka ta inda ba ka zata ba. Shi ya sa iyaye da yawa a zango ke hana yaro keke da zarar ya ce zai fita lungu, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ke damuna shi ne yara na tasowa ba su san daɗin tafiya mai nisa a keke ba, irin wadda mutum zai yi awa guda bai ji hon a bayansa ba.

A Faransa, a yankin Ardennes mai yawan dazuzzuka, akwai tsohuwar hanyar da dawakai ke bi suna jan jiragen kaya a gaɓar kogin Meuse. An gyara ta aka bar wa masu keke da masu ƙafa, daga Charleville-Mézières har Givet a kan iyakar Beljiyam, sama da kilomita 80 ba mota. Mu ba a gina mana irin wannan ba. Amma muna da abin da ya kusa da ita, tafiyar kamar awa biyu a mota daga Accra: hanyoyin ƙasa da ke bin kanal-kanal, wato magudanan ban ruwa, na gonakin shinkafar Asutsuare da Akuse, inda ruwa ke gangarowa daga madatsar Kpong da aka gama a 1982. Ga yadda ake shirya tafiyar.

Fara da duba sama

Lokaci ne ke yanke hukunci, tun kafin keke. Ƙasar yankin Akuse baƙar laka ce mai danƙo. Da rani takan bushe ta tsattsage, taya na gudu a kanta ba wahala. Amma ruwa ya sauka ko na rabin awa ne, sai ta kama taya, ta taru tsakanin taya da birki har ƙafar keken ta daina juyawa, ka koma neman tsinke kana ƙwaƙule ta kowane taku ashirin, takalminka kuma ya yi nauyi. Don haka ka kauce wa babbar damina, daga Afrilu zuwa Yuli, ka kuma yi hattara da ƙaramar, daga Satumba zuwa Nuwamba. Disamba zuwa Fabrairu hanya a bushe take, sai dai ƙurar hunturu. A wurina Agusta ya fi: ruwa ya ɗan ɗauke, garin da sanyi-sanyi, ko'ina kore.

Ka kuma saurari sanarwar hukumar VRA mai kula da madatsun kogin Volta. A Satumban 2023 aka fara sakin ruwa daga madatsun Akosombo da Kpong, garuruwan da ke ƙasa irin su Mepe suka sha ambaliya. Idan ka ji ana batun sakin ruwa, ɗage tafiyar.

Keken da kayan gyara

Ba sai mai tsada ba. Keke na hannu irin wanda ake shigowa da shi daga Turai ya isa, muddin tayarsa mai faɗi ce mai ƙurji. Siririyar tayar tsere ba ta wannan hanya ba ce. Kwana biyu kafin tafiya ka kai wa mai gyara, ka tsaya a kansa: ya duba birkin gaba da na baya, ya ɗaure wayoyin ƙafa da suka saki, ya sa wa sarƙa mai. Ka gyara tsayin sirdi yadda gwiwarka za ta kusa miƙewa idan feda ta sauka ƙasa, in ba haka ba gwiwa za ta fara ciwo tun kafin azahar.

A jaka ka sa tayub guda na ajiya, faci da sholisho, famfo, sifana. Ka gwada famfon a gida ka ga ya dace da bawul ɗin tayarka. Ƙaya na da yawa a gefen gonaki, mai faci kuma sai cikin gari. Hular kwano dole ce. Ruwa aƙalla lita uku ga kowane mutum, da ƙullin gishiri da sukari irin na ORS, da dabino ko gyaɗa. Ka riƙe 'yan sidi a hannu, don ba ko'ina ake karɓar MoMo, wato biyan kuɗi ta waya, ba, sabis ma yakan ɗauke.

Kada ka tuƙa daga gida

Wannan ne matakin da matasa suka fi ƙin ji. Suna ganin loda keke a mota kasawa ce. Ba kasawa ba ce. Babbar hanyar Accra zuwa Tema ba ta mai keke ba ce sam, hanyar Tema zuwa Akosombo kuma cike take da tifa da manyan motoci, ga shi ba ko'ina ke da gefe mai kyau ba. Duk amfanin wannan tafiya shi ne rabuwa da mota, to me zai sa ka fara ta da awa huɗu a bakin tifa?

Bayan sallar asuba ka nufi tashar Ashaiman ka nemi motar Asutsuare ko ta Akuse. Ku gama ciniki da yaron mota kan kuɗin keke kafin a ɗaura shi. Cire ƙafar gaba, ka sa kwali ko tsumma a inda igiya za ta bi, ka tabbata ɓangaren giya na sama, ba a danne shi da buhu ba. Idan kun kai mutum biyar ko shida, ku haɗa kuɗi ku yi shatar mota, ya fi kwanciyar hankali. A hanya za ku wuce gandun dajin Shai Hills, inda gwaggon biri ke zama a bakin titi. Kada ku miƙa musu abinci ta taga.

A bakin kanal

Tun a gida ka buɗe Google Maps a hoton tauraron ɗan'adam, ka sauke taswirar yankin a waya. Kanal zai bayyana kamar zare miƙaƙƙe, gonaki a jere a gefensa. Babban kanal na tasowa daga madatsar Kpong da ke Akuse ya gangara wajen Asutsuare, ƙanana na rabuwa daga jikinsa su shiga gonaki, yawancinsu da hanyar ƙasa a gefe. Wuri ne shimfiɗaɗɗe, ba hawa ba gangara, dutsen Osudoku na tsaye daga nesa yana nuna maka inda kake. A tafiyar farko kilomita 20 zuwa 25 sun isa, zuwa da dawowa.

Sai dai ka sani hanyar nan wurin aikin mutane ce. Trotro da tifa ba sa bi, amma za ka haɗu da babur, da aboboya, wato babur mai ƙafa uku na kaya, ɗauke da buhunan shinkafa, da ƙaramar tarakta. Kai ne baƙo, kai za ka kauce. Lokacin girbi za ka iske an baza tamfol an shanya shinkafa, wata uwa na jan ta da majayi tana juyawa, ƙafarta cikin hatsin har idon sawu. Sauka za ka yi ka tura keken ta gefe. Taya ɗaya da ta bi ta kai za ta watsa mata tsakuwa a cikin abin da ta yi wata huɗu tana wahala a kai. Ka gaishe ta, ka ce "Mama, ayekoo", in dattijo ne "Baba, sannu da aiki". Yawancin mutanen wurin Dangme ne da Ewe, amma ba za ka rasa mai jin Hausa ko Twi ba. Gaisuwar nan kuma ita ce za ta sa a gaya maka cewa gadar gaba ta karye, ko hanyar da kake bi ta ƙare a gonar wani.

Kada ka taɓa ƙofofin ƙarfe da ake buɗe ruwa da su. Rabon ruwa tsakanin manoma abu ne da aka tsara, kuma yakan jawo rigima. Inda ka ga shinge ko allo na gonar kamfani, ko na sansanin horar da sojoji da ke yankin, juya. A kusa da madatsar ma ka nemi izini kafin ka ɗaga waya don hoto.

Ruwan da ba a shiga

Wajen sha ɗaya rana za ta yi zafi, inuwa kuma ba ta da yawa a filin shinkafa. Ruwan kanal zai ba ka sha'awa. Kada ka shiga, kada ka bar yaro ya shiga. Inda aka yi wa gefen siminti santsi ne da shi saboda gansakuka, wanda ya zame ba shi da abin kamawa, ruwan kuma yana da ƙarfi fiye da yadda ido ke gani. Na biyu, tsargiya. Ƙwayar cutar na rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwa mai tafiya a hankali, tana shiga ta fata, kuma yankin Volta ya daɗe yana fama da ita. Alwala ma da ruwan gorarka za ka yi, ko ka jira ka isa masallacin zango. Ka lissafa tafiyarka yadda azahar za ta same ka cikin gari, ka yi sallah, ka ci abinci, ka bar rana ta karya.

In kana son daji

Mai kwana biyu ya sake loda kekensa a mota daga Akuse zuwa Atimpoku, ya kwana can. Da safe ka sayi abolo, wato dafaffen ƙullin masara, da soyayyun ƙananan kifin nan da ake tallarsu a bakin hanya, ka tura keken ka haye gadar Adomi da aka buɗe a 1957. A nan kogin ya ratsa tsakanin duwatsu masu daji, iska ma daban take. Bayan gada ka bar babban titi ka ɗauki hanyar Akwamufie, inda motoci ba su da yawa, ka riƙa tambayar hanyoyin gona da ke bin gaɓa. Akwai hawa da gangara, don haka birki ya zama lafiyayye. Kurmin da aka ce maka na gargajiya ne ba a shiga, ka bar shi.

Kada mutum ya tafi shi kaɗai, kuma a gida a san inda kuka nufa. Lambar gaggawa 112 ce. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida, motocin ƙauye kuma na raguwa da yamma, don haka ku kasance a tasha da la'asar. Da kun dawo a wanke sarƙa da giya a daren, a sa mai, kafin laka ta bushe a ciki. Wanda kuma ya faɗa ruwan ko ya yi wanka a ciki, ya je asibiti ya faɗi inda ya je a gwada shi, kada ya jira sai ya ga jini a fitsari.