Mai tsohuwar Fijo 504, ga abin da za ka duba kafin ka kira bakanike

To ɗan'uwa, in kana cikin waɗanda suka gaji 504 daga wajen Baba, ko ka saye ta don sha'awa, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a kamfanin PAN na Kaduna tun 1975, ka sani motar nan ba ta da kwamfuta ko ɗaya a jikinta, duk abin da ke damunta ido na iya gani hannu na iya taɓawa. Kuma yaran gareji na yanzu da yawansu a kan motoci masu kwamfuta suka koyi aiki, da sun ga kafireto sai su hau juya sukurori.

Fara da ajiye kaya a but: sifana lamba 10 da 13, filaya, sukundireba, sanfefa mai laushi, fila-geji na auna tazara, da doguwar sifanar filogi, don filogin 504 a can cikin rami suke, gajeruwa ba ta kai wa. Ƙara da fambel guda da kwantak da kwandansa sababbi na cikin distiributa mai raba wa filogi wuta, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna a nan ake neman su.

Ranar da ta ƙi tashi, saurara tukuna. In ka murɗa makulli ka ji "ƙas" kawai, ko fitilun dashbod suka dushe, yawanci batir ne ko kawunansa da ake ɗaura wa waya. Cire wayar nagatif da farko, sannan fozitif, wanke farin garin nan da ke taruwa a kan batir da ruwan zafi, goge da sanfefa, wajen mayarwa kuma fozitif ce farko. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa wallahi.

In kuwa injin na juyawa lafiya amma bai kama ba, to wuta ce ko mai, kuma ni kullum wuta nake fara bi. Sa giya a firi, ja hambirki, zaro wayar tsakiya daga kan distiributa, riƙe ta da filaya mai roba a hannu kusa da ƙarfen injin, nesa da kafireto, wani ya yi maka kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙara na nufin kwayil lafiya lau. In babu, ko ja ne mai rauni, buɗe hular distiributa ka leƙa kwantak. Wannan ɗan ƙarfen shi ne ke yawan ajiye mutane a gefen titi, bakinsa kan ƙone ya yi baƙi ko tazararsa ta rufe, sai ka kashe makulli ka goga shi a hankali, ka juya injin har ya buɗe iya buɗewarsa, ka saita tazarar ta zama milimita 0.4 da fila-geji. In ya sake ƙonewa cikin kwana kaɗan, kwandansa ce, canza su tare. Ka duba cikin hular ma, damina kan tara raɓa a ciki, tsumma busasshe ya isa.

Filogi kuma ɗaya-ɗaya ake cirewa a mayar, kar ka tuge wayoyin huɗu lokaci guda ka zo kana zare ido, tsarin wutarta 1-3-4-2 ne kuma in ka rikita sai ta yi ta harbi ta salansa. Tazarar bakin filogi milimita 0.6 ce. Launin bakin filogi na ba da labari: ruwan ƙasa-ƙasa daidai, baƙi mai toka mai ya yi yawa ko iya-kilina ta toshe da ƙurar hunturu, jiƙe da baƙin mai kuwa wannan aikin bakanike ne, ringi ko bawul.

Sai mai. Cire tiyon da ke shiga kafireto, sa bakinsa cikin gora, a yi kik kaɗan, injin a sanyaye kuma ba mai shan sigari a kusa. In fetur bai tsarto ba, filta ce ta toshe ko famfon mai ya gaji, tsohon tanki ba ya rasa tsatsa. Sukurorin kafireto dai don Allah ka bar su, in har dole sai ka taɓa, ƙirga juyi nawa ka yi ka rubuta.

Abin da nake tsoro a motar nan shi ne zafi. Kan injinta na alminiyom ne, in ta tafasa sau ɗaya da kyau sai ya lanƙwashe, gasket ya ƙone. Kowace safiya leƙa lagireto kafin ka tayar, danna fambel da babban yatsa, ya ɗan lotsa kamar santimita 1. In allurar zafi ta hau a hanya, faka ka kashe, kar ka buɗe murfin lagireto kuma kar ka kwara mata ruwan sanyi, jira ta huce. In ka zaro gejin baƙin mai ka gan shi kamar shayi da madara, ruwa ya riga ya shiga, kar ka sake tayar da ita, nemo igiya a ja ta gareji.