Spinster ba bazawara ba ce: inda ake tuntuɓe da tsofaffin zagin mata na Turanci

Ɗalibin adabi da aka ɗora wa Shakespeare, ko mai karanta tsofaffin littattafan Ingila, ba ya rasa cin karo da kalmomin da Turawan dā ke muzanta mata da su. Abin da ke kayar da mutane shi ne yawancinsu ba a zagi aka haife su ba, daga baya suka lalace. Kafin ka buɗe ƙamus, fara duba zamanin da aka yi rubutun.

A Najeriya mun mai da spinster kalmar takardar aure, marar cizo, wasu kuma su fassara ta da bazawara. Kuskure ne, domin spinster ba ta taɓa shiga ɗakin miji ba. Asalinta ma mai kaɗi ce, macen da ke zaune da mazari tana murza zare. A ƙarni na 17 ta zama kalmar shari'a ga duk macen da ba ta yi aure ba, ta kuma zauna a rajistar aure ta Ingila har 2005, aka sa single a gurbinta. Yau a kunnen Baturiya ma'anarta tuzuruwar da ta tsufa a gida, don haka kada ka kuskura ka kira abokiyar aikinka da ita, ko da wasa.

Wanda ya ga harlot a rubutun ƙarni na 13 ko na 14 ya ce karuwa, ya yi saurin yanke hukunci. A lokacin namiji aka fi nufi, ɗan iskan gari marar sana'a, har Chaucer, mawaƙin Ingila na ƙarni na 14, ya kira wani namiji da ita. Labarin da ake yaɗawa wai daga sunan Arlette ta fito, mahaifiyar William da ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ƙanzon kurege ne: daga tsohon Faransanci aka aro ta.

Hussy kuwa housewife ce aka gutsure, matar gida mai mutuncinta, sai ga ta ta koma ballagaza. Shrew jaɓa ce, dabbar nan dai, aka lanƙaya wa mugun mutum, daga baya aka bar wa mace mafaɗaciya ita kaɗai. Kada a haɗa ta da shrewd: tushensu ɗaya, amma wannan yanzu yabo ne ga mai wayo.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce termagant. Ƙamus zai ce maka masifaffiya, kai kuma ka wuce. Amma a zamanin dā da ake kira Middle Ages, Kiristocin Turai sun ƙaga wani gunki mai wannan suna, suka ce Musulmi na bauta masa, abin da ba shi da tushe ko kaɗan a Musulunci. Aka riƙa siffanta shi da mai ihu da kumfar baki, shi ya sa Hamlet, jarumin wani wasan kwaikwayon Shakespeare, ya ambace shi sa'ad da yake gargaɗin 'yan wasa kada su cika hayaniya. Mai fassarar da ya sa masifaffiya a wannan wuri ya ɓata zancen, don ba mace ake magana a kai ba. Rubuta sunan yadda yake, ka ƙara layi ɗaya a ƙasa ka faɗa wa mai karatu ko wane ne.