Kurakuran da aka fi yi a ranar Jamusanci a firamare

Kuskure na farko shi ne cunkusa wa yara kalmomi. Ɗan aji uku ba zai riƙe kalma talatin a safiya ɗaya ba. Tara sun isa: Guten Morgen (ina kwana), danke (na gode), bitte (don Allah), tschüss (sai an jima), sai ƙirga daga eins (ɗaya) zuwa fünf (biyar). Ko an ƙara ƙirgar, kada a wuce ashirin, domin daga nan ƙirgar juyawa take: 21 einundzwanzig ne, wato "ɗaya da ashirin".

Inda aka fi yin ɓarna kuwa wurin furuci ne, idan malami ya karanta Jamusanci da bakin Turanci. Abin da yaro ya fara ji shi yake zama masa. W ana faɗinta kamar v ta Turanci, v kuma yawanci f ce, shi ya sa vier take fitowa "fiir". Z ta yi kusa da ts ɗin "tsuntsu", sai dai ba a matse ta a maƙogwaro. Ei kamar ai ɗin "kai" take, ie kuma i ce mai ja. Ch ɗin acht ba ta wahalar da yaron da ya yi makarantar allo, harafin kha ne na Larabci. Ü fa? A sa su ce "i", su tsuke leɓe kamar masu fito. Za su yi dariya, amma za ta fito.

Kada a yar da ɗigo biyun nan na saman harafi in ana rubutu a allo: schon "riga" ne, schön "kyakkyawa". Kowane suna a rubuta shi da babban harafi tare da abin da ke gabansa: der Hund, die Katze, das Haus. Wajen cewa "kai" ko "ke" kuma, ga malami Sie ake cewa, du ta tsakanin yara ce.

Tutar Jamus a kwance take, baƙi a sama, ja, sannan ruwan zinariya. Mai tsaye ta Beljiyam ce.

Wandon fata da Oktoberfest na jihar Bavariya ne, kuma Oktoberfest bikin giya ne, bai dace da yara ba. Gara a naɗe kwali a yi Schultüte, mazubi mai tsini da ake cika wa yaro da alawa ranar da ya fara makaranta. Fitilun takarda na ranar Martin, 11 ga Nuwamba, su ma suna burge yara, amma da ƙaramin ƙwan batir, ba kyandir ba, kuma a sanar da iyaye asalin bikin na Kirista ne. A nuna Ostiriya da Suwizalan a taswira, su ma Jamusanci suke yi.

Abinci sai an duba: Bratwurst, wato tsiran alade, yawanci naman alade ne, alawa mai danƙo kuma sau da yawa da sinadarin alade ake ɗaure ta. Brezel, wani murɗaɗɗen burodi, ya fi sauƙi. A tsoma kwaɓin daƙiƙa 30 a tafasasshen ruwa lita ɗaya mai cokali uku na bakin soda kafin gashi, in ba haka ba fari zai fito kamar burodin shayi.